Bindigar Lantana

Ku gyara zama, jama'a. Wannan ba labarin dariya ba ne, kuma duk wanda ya ji shi sai ya tofa albarkacin bakinsa.

A Tungar Gwanki, wani ƙauye a bakin daji, ɓarayin daji sun ƙarar da maza. Wanda bai mutu ba ya gudu. Sai mata suka ɗauki bindigogin toka suka tsaya gadin garinsu. To, ita bindigar toka harbi ɗaya take yi, sai an sake ɗura mata albarushi. Shi ya sa suke fita bibbiyu, wannan na harbi, wannan na ɗuri. Mai harbi da mai ɗurinta kwano ɗaya suke ci, ɗaki ɗaya suke kwana, ba mai tambayar abin da ke bayan asabari.

Lantana ta fi kowa saiti. Mata uku ne suka so ta, so irin wanda ba a kai wa goro, kuma ta san da kowace. Tabawa ce mai ɗurinta ta farko. Sun daɗe tare kafin baƙar magana ta raba su. Kyauta ce ta yanzu, bazawara mai yawan dariya. Ita kuwa Marka, 'yar maƙera, ba ta taɓa furtawa ba, sai dai duk sanda Lantana ta kai mata gyaran bindiga takan ajiye duk wani aiki ta fara da nata, kuma ba ta karɓar ko sisi.

Wata rana da damina Kyauta ta jingine ƙahon albarushi jikin randa, ya sha danshi. Da suka yi kiciɓis da ɓarayi a mashigin kogi, Lantana ta ja kunama, bindiga ta ce ƙyas, shiru. Ta ingiza Kyauta cikin ciyawa, ita kuwa aka kama ta, aka ɗaure hannunta tamau da robar babur. A sansaninsu, gindin wata kuka, ta fid da rai. Ta san sun kora shanu a kan hanya don su ɓatar da sawu.

Tabawa ce ta bi sawun. Tana tafe tana durƙuso cikin kofatan shanu, har ta ga inda diddigen hagu ya ja ƙasa. Ta ce, "Ga ta nan. Ni na yi jinyar ƙafar nan da maciji ya sare ta." Ba don ita ba, da ba wanda ya san inda za a dosa.

Kyauta ce ta shiga sansanin, tsakar rana, da ƙwaryar fura a kanta da wuƙa a cikin furar. Suna yi mata tsiya tana dariya, har ta samu ta kewaya bayan kuka ta yanke robar. Lantana ta ji ta tana raɗa, "Ni na jawo miki, Yaya." Wajen fita aka kai wa Kyauta sara da adda, ta bar idonta ɗaya a can.

Marka ce ta tsaya a mashigi ita kaɗai, ba mai ɗuri, ta harba ta ɗura, ta harba ta ɗura. Da albarushi ya ƙare ta koma ga gudumarta ta ƙira. Harsashi ya shige ta a cinya, amma a haka ta goya Lantana ta haye kogin da ya kawo iya ƙirji. Har yau da sanda take tafiya.

Lantana ta rayu, amma hannun dama ya mutu saboda ɗaurin robar nan. Da ta ɗan warware, Inna Delu, shugabarsu, ta tara su a inuwar zaure ta ce, "'Yar nan, kin san al'ada. Wadda ta daina harbi takan miƙa bindigarta ga mace ɗaya, ɗakin wannan za ta zauna har ƙarshen ranta. Biyun da suka rage kuwa ba ni da wasu, dole in haɗa su, ɗaya harbi ɗaya ɗuri."

Tabawa ta ce, "Wallahi ba zan ɗura wa wadda ta jiƙa albarushi ba."

Kyauta ta ce, "Da kin riƙe ta da kyau ai da ba ta zo wurina ba, tsohuwar zuma."

Marka kuwa ƙasa kawai take kallo.

Lantana ta ɗora bindigar a cinya. Ta dubi wadda ta san takunta, ta dubi mai ido ɗaya, ta dubi mai sanda. Duk inda ta miƙa, ta san ta ɗora ran mace ɗaya a hannun wadda ke jin zafinta. Rana ta karkata, tuwo ya huce, ba ta motsa ba.

To, jama'a, ni ban raba wannan gardama ba. Tabawa, Kyauta ko Marka: wace ce a cikinsu ta fi cancanta Lantana ta miƙa wa bindigar nan?