Muciyar Magaji Tankari

An ce a ƙasar Gaude, saura damina biyu Turawa su naɗe tabarmarsu, sai Razdan ya aiko wa Magaji Tankari tambaya: kujeru ashirin ɗin majalisar gari, waɗanda shi Magaji yake naɗawa, a bar talakawa su zaɓe su duka bana, ko a riƙa saki kaɗan-kaɗan? Samari na ta kururuwar a saki duka. Magaji kuwa tsoro ya cika shi, kada a wayi gari ba mai ɗaukar masa takalmi. Ya ƙudura zai ce kujera ɗaya duk shekara goma.

Akwai wata tsohuwar shamuwa mai sauka kan tsamiyar gidansa kowace damina, ta ga ƙasashe. Da ya gaya mata, ta ce, "Ranka ya daɗe, ashe za ka shekara ɗari biyu. Ka ji labarin marinan Rafin Kuka?"

Ya ce, "Faɗi."

Ta ce, "Wasu 'yan'uwa biyu suka gaji marina. Ƙanen, ranar da ya haɗa baban rini ranar ya tsoma rigunan mutane, suka fito fari-fari kamar an wanke su da toka. Wan ya rufe tasa rijiyar, kullum sai ya ce bai nuna ba tukuna, ko ƙyalle bai gwada ba, har baban rinin ya lalace. Suka tafi gun gwaggonsu Tasalla, kowa na zagin ɗan'uwansa. Ta ce, 'Ku zauna, 'ya'yan nan, ku ji labarin Ladingo.

'Ladingo gwanar tuwo ce, amma ba ta taɓa barin 'ya'yanta sun riƙe muciya ba, wai za su yi gudaji. Ran nan ciwon kafaɗa ya kwantar da ita, ga baƙi cike da zaure. Aka tuƙa abin da ko kare ya sunsuna ya wuce. Gudajin farko gara a ci shi tun uwa na tsaye a madafa.'

"Nan gwaggo ta ce wa ƙanen ya koyi jira, ta ce wa wan jiran da ba gwaji ba shi da maraba da barci."

Shamuwa ta karkata kai ta ce, "Samarinka dai ƙanen ne. Wan da Ladingo kuwa, bakina bai kai ba, amma na ga muciya a hannun wani."

Kunya ta kama Magaji, can kuma ya yi dariya. Ya ce, "Kin zage ni a gidana, kuma kin yi gaskiya."

Ya sa aka rubuta wa Razdan: goma bana, goma baɗi, a yi gudajin tun akwai lokacin gyara. Magatakarda ya ce, "Ranka ya daɗe, kujerarka ta shugabanci fa?"

Ya ce, "Sa ta cikin goman farko." Ya sunkuya ya ɗauki takalminsa da kansa.