Tsohon Masunci da Gilashin Kififiyarsa

A wani gari an yi wani tsohon masunci wanda ciwon gwiwa ya raba shi da kogi. Ran da ya naɗe komarsa ta ƙarshe, ya dawo gida da 'yar kififiya, ya sa ta a akwatin gilashi a ƙofar ɗakinsa. Kai, mutumin nan yana ji da ita! Ko gaisuwa ka shigo yi, ba ka fita sai ka ga iyonta.

To, rijiyar gidan ruwan zartsi gare ta. A ido garau yake, amma duk inda ya bushe sai ya bar fari-fari. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har gilashin ya yi ɓawo, kififiya ta zama inuwa kawai. Tsoho ya ɗauko toka da soson ƙarfe, yadda ake yi wa gindin tukunya, ya dirza har kafaɗa ta riƙe. Ina! Sai ma zane da ya ƙara wa gilashin. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce gara ya mai da ita kogi ya huta, tun da ba ya ganinta.

Ya ɗauko bokiti ke nan, sai ga Tabita, mai dafa shayi in ana taro a majami'a.

Ta ce, "Baba, ba aikin ƙarfi ba ne. Haka butata take yi. Ku fitar da kififiyar, a kawo lemun tsami."

Ya ce, "Ni da na shekara arba'in a ruwa, ke za ki koya mini ruwa?"

"Na kogi kuka sani, Baba. Wannan na rijiya ne."

Sai ya kawo lemun, ya miƙo wuƙa. Ta matse lemun a tsumma, ta manna wa gilashin, ta ce a jira. Da aka jima ya goge da hannunsa, ɓawon ya biyo tsumma salin-alin. Suka ɗauraye, suka sake ɗaurayewa don kada tsami ya shiga idon dabbar, suka zuba ruwan sama na randa, suka mai da ita ciki. Sai ga kififiya sarai, har ɗigon wuyanta! Tsoho ya fita ƙofar gida, ƙirji a gaba, yana kira: "Ku zo ku sha kallo! Tabita ce ta koya mini!"

Ga ma'anar misalin. Gilashin zuciyarka ce. Ɓawon kuwa ƙananan laifofi ne da kullum kake cewa ba kome, har su hana ka ganin alherin da Allah ya ajiye a gidanka. Ƙarfinka ba ya kankare su. Lemun tsami shi ne tsautawar Maganar Allah, wadda sau da dama takan fito daga bakin wanda ka girma. Tsohon nan bai ragu da kome ba don ya saurara. Kai fa, wa ya gaya maka gaskiya a makon nan ka kore shi?