Mai Lambun Da Ya Ƙi Koren Allo

Akwai wani mutum mai lambu a bakin rafi, wanda yake koya wa mutane auren mangwaro, wato a yanko reshen mai zaƙi a ɗaura a jikin na gargajiya har su haɗe. A garin kuwa akwai wata ƙungiya mai jarraba masu wannan sana'a. Wanda ya ci sai ta ba shi shaida, da ita kuma ake ɗaukar mutum aiki a manyan gonaki. Kowa yana iya shiga jarrabawar, ko a ina ya koya.

Wata shekara ƙungiyar ta fito da koren allo. Duk malamin da ya ƙulla ƙawance da ita zai kafa shi a ƙofarsa, amma da sharaɗi: ba zai koyar da kowa ba sai wanda ya iya karanta littafinta. Malamai suka yi ta rububi. Mai lambu ya dubi ɗalibansa, rabinsu ko bihim ba su sani ba, ya ce shi kam a'a.

To, kun san bakin mutane! Nan da nan magana ta bazu, wai duk wanda malaminsa ba shi da allo faɗuwa zai yi. Ɗalibai suka zame ɗaya bayan ɗaya, har ya rage wata gwauruwa mai suna Damaris, wadda aka yi wa alkawarin aiki in ta kawo shaida kafin damina. Da wannan aiki take sa ran ciyar da marayunta.

Ana gobe jarrabawa, sai ga ta da koren allo naɗe cikin zane, ta aro a wurin wani danginta.

"Baba, don Allah ka rataya shi, na yini ɗaya tak. Masu jarrabawa ta ƙofarka za su wuce."

Ya karɓa. Tsoro ya kama shi ƙwarai, gama in matar nan ta faɗi, yunwar 'ya'yanta a wuyansa take. Har ya ɗauko ƙusa. Sai ya tsaya, ya ajiye ta, ya miƙa mata allon.

"'Yata, ni ba nasu ba ne, ba kuwa zan ce ni nasu ne ba. Abin da ke hannuna duk na ba ki."

"In na faɗi fa, Baba?"

Ta naɗe allonta ta tafi, ko sallama babu.

Kashegari aka ba kowa dashe da wuƙa, kowa ya yanka ya ɗaure. Shi kuwa auren mangwaro ba ya nuna kansa sai bayan makonni. Mai lambu ya yi ta jira, tuwo ya ƙi shiga.

Ranar kwance ɗauri, malamai masu allo suna zaune a kujeru, shi yana tsaye bayan shinge. Mai jarrabawa ya bi layi, bai tambayi kowa wa ya koya masa ba. Reshe kawai yake kankara da farce, ya ga ko ɗanye ne. Na ɗaliban masu allo, waɗansu sun kama, waɗansu sun bushe, aka tumɓuke su. Da ya iso na Damaris ya kwance, ya sunkuya, ya daɗe bai ɗago ba. Mai lambu ya damƙe shinge har ƙaya ta shige masa tafin hannu.

"Ya kama," in ji mai jarrabawa.

Damaris ta durƙusa a wurin, ta fashe da kuka.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: mai koyarwa daban, mai shari'a daban. Allo ba laifi ba ne, sunan ikkilisiyarku ma haka. Amma mu masu koyarwa, kada tausayi ya sa mu ari abin da ba namu ba don mu kwantar wa wani hankali da ƙarya. Ku kuma masu ji, kada ku jingina ga sunan fasto ko katin baftisma. Ranar da Ubangiji zai kwance ɗaurin, ba zai tambayi abin da ke rataye a ƙofar malaminka ba. Reshenka zai kankara, ya ga ko da rai a ciki.