Wa Za a Yi wa Takwara a Gidan Dakta Mudassir?

Ku matso, ku ajiye wayoyin nan, na zo da shari'ar da ta gagari dattawan unguwarmu. Ni tuni na warware ta, amma ina so in auna zurfin hankalinku tukuna.

Dakta Mudassir maƙwabcina ne, tare muka shiga firamare. A wurina yake kwafar lissafi, ko da yake in kun tambaye shi cewa zai yi ni ke kwafa. Ni na ajiye boko a ƙaramar sakandare, da na ga malaman sun fara maimaita abin da na sani. Shi kuwa ya zarce har ya zama malamin jami'a. Mahaifinsu kububuwa ce ta sare shi a gonar gero, ya cika a hanya kafin a isa asibiti. Tun daga nan Mudassir ya duƙufa neman maganin da zai riƙe dafin maciji har a kai mutum wurin likita. Ya yi furfura a ɗakin bincike, ya rubuta maƙaloli, ya sha tafi a taruka, amma ko kwalba ɗaya ba ta kai kemis ɗin ƙauyensu ba. Sai ya yanke shawarar barin jami'a ya koma wani kamfanin harhaɗa magunguna a Legas, inda ake da injinan da za su mayar da bincike magani.

Ya samu aikin. Ga shi yanzu matarsa Nusaiba ta haifi namiji, ya kuma furta a gaban dangi cewa sunan wanda ya fi taimakonsa a wannan ƙaura zai sa wa yaron. Nan cikas ya shigo, domin mutum uku ne, jariri kuwa ɗaya.

Na farko Jazuli ne, abokin karatunsa, wanda ya daɗe yana aiki a kamfanin. Shi ya kai sunansa gaban manya, ya ce in Mudassir ya ba su kunya a kore su tare. To, kun san halin malaman jami'a, in sun gano abu sai sun hau mumbari sun sanar da duniya. Mudassir ya shirya tsaf zai karanta sirrin haɗin maganin a taron masana a Kaduna, wai don kamfanin ya ji labarin ƙwazonsa. Jazuli na jin haka ya bar aiki babu izini, ya hau jirgi, ya tare shi a ƙofar zauren taro.

"Kai, sarkin alli, ina hankalinka? Abin da ka faɗa a bainar jama'a ya zama na kowa. Wane kamfani zai wahala a kan maganin da ba zai iya yi wa rajistar mallaka ba?"

"To ilimin ɓoye shi ake yi?" in ji Mudassir.

"Rajista tukuna, surutu daga baya!"

Ba don Jazuli ba, da tafi kawai zai tashi da shi.

Na biyu Farfesa Haladu ne, malamin da ya raine shi a bincike. Sunansa na kan maƙalar da za a karanta a taron nan, ita ce ta ƙarshe kafin ya yi ritaya, har ya gayyato tsofaffin abokansa su zo su ga cikar aikinsa. Shi kaɗai ke da ikon janye ta, kuma sai da yardarsa jami'a za ta bar binciken ya fita. Mudassir ya durƙusa gabansa ya yi bayani. Tsohon ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa.

"Ɗana, na so ka gaji kujerata," in ji shi. "Amma ban taɓa ganin kujerar nan ta tayar da wanda maciji ya sara ba. Je ka."

Da kansa ya hau mumbari ya ce an janye maƙalar, ya haɗiye kallon da abokansa suka yi masa. Sannan ya bi ofis-ofis da sandarsa har jami'a ta amince. Ba don Farfesa ba, da binciken na nan kulle.

Na uku Sammani ne, yayan Mudassir, mai safarar kifi a motar sanyi. Kamfanin ya ce ba zai ɗauki Mudassir ba sai ya kawo samfuran maganin sun gwada da kansu. Samfuran kuwa a firiza suke, in suka narke aikin shekaru ya tafi. Ana gab da tafiya taransifomar jami'a ta ƙone, janareta ya ƙi tashi, ga zafin bazara. Mudassir ya kira yayansa. Sammani na hanyar kasuwa, mota cike da kifin da shi ne duk jarinsa. Ya juyo, ya sauke kifin a ƙofar jami'a ya ce kowa ya ɗiba. Ni ma na taimaka, na ɗebi da yawa don kada ya lalace. Aka loda akwatunan, ya kama sitiyari.

"Kai dai haddace abin da za ka gaya musu, ƙanena. Sanyi aikina ne."

Har Legas bai yarda injin sanyin ya mutu ba. Samfuran suka isa da ƙanƙararsu, suna ƙarnin kifi. Ba don Sammani ba, da ruwa kawai za a kai.

Yanzu ana gwajin maganin, Mudassir ya koyi kama bakinsa. Ragon suna na ɗaure a tsakar gida, liman na jiran a raɗa masa, dangi kuwa sun rabu gida uku. Jazuli har yau manyansa ba su huce ba. Farfesa ya yi ritaya babu tafin da ya jira. Sammani bai gama farfaɗowa daga asarar kifinsa ba. Na ba da shawarar a sa sunana kowa ya huta, gwaggon Nusaiba ta biyo ni da muciya har bakin titi.

To, jama'a, tsakanin wanda ya rufe masa baki, da wanda ya sake shi, da wanda ya zubar da kifinsa, sunan wa ya kamata yaron nan ya ci?