Farin Hoton Tudun Sanyi

Dalilin da ya sa hotunan garinmu Tudun Sanyi suke fitowa fari fat, tsauni da bishiyoyi duk sun narke cikin haske, ba gwaninta ba ce, yara. Ku matso ku ji. Ni kaina ba na son ba da labarin nan.

A da, mai hoto ɗaya ne a garin, sunansa Nomau. Gwani ne, amma akwai taurin kai. Ba abin da ya tsana kamar hazon damina, wanda ke sauka kan tsaunin nan kowace safiya. Ba ya fito da kyamara sai rana ta take.

"Hazo ɓata fim yake yi," in ji shi.

Ya ɗauki kowa a garin, har da shanun mutane, amma matarsa Tasalla ba ta da hoto ko ɗaya. Kullum ta yi magana sai ya ce, "Ina za ki? Ai kina nan. Gobe."

Wata safiya Tasalla ta shirya za ta gangara garinsu gaida iyaye. Hazo ya rufe ko'ina. Ta tsaya gindin bishiyar bakin hanya da ƙullin kayanta.

"Malam, yau kam sai ka ɗauke ni."

"A cikin wannan hazon?"

"A cikinsa. Goben taka ta ishe ni."

Yana ƙunƙuni ya ɗaga kyamara, bai ko saita ta ba, ya danna sau ɗaya don a rabu lafiya. Ta yi dariya ta wuce. Motar da ta shiga ba ta kai ƙasan tsauni lafiya ba. Da la'asar aka yi jana'izarta.

Ta bar 'yarsu Hansai, shekararta uku. Bayan sadakar arba'in yarinyar ta fara tambaya.

"Baba, yaya fuskar Innata take? Na manta."

Sai a lokacin Nomau ya tuna da fim ɗin. Ya shiga ɗakin wanke hoto. Hoton ya fito dishi-dishi, launin toka. Ga bishiya, ga mace a tsaye, amma fuskar duhu ce kawai.

Ya ce haske ne ya yi kaɗan. Ya sake bugawa, ya ƙara haske. Tsaunin ya yi fari, fuska ba ta fito ba. Ya ƙara. Bishiyoyin nesa suka ɓace. Ya ƙara, ya ƙara, har takardunsa suka kusa ƙarewa. A na ƙarshe komai ya koma fari kamar sabon alawayyo, ba abin da ya rage sai reshe ɗaya da inuwar zaninta. Fuskar da bai tsaya ya saita ba, ba ta taɓa shiga fim ɗin ba.

Ya rataye shi a shagonsa, don ba shi da wani hoton nata. Sai masu wucewa suka fara tsayawa.

"Kai, Nomau! Wannan ya fi duk aikinka kyau. Mu ma irinsa muke so."

Ya yi musu irinsa. Daga ranar ya daina jiran rana. Kullum da safe sai ka gan shi gindin bishiyar nan, cikin hazo, yana saita kyamara a tsanake, ba kowa a gabansa. Masu hoton da suka zo bayansa suka ɗauka salo ne, suka kwaikwaya.

Shi ya sa har yau, in an ɗauki tsauninmu cikin hazo, sai a yi ta ƙara masa haske har ya yi fari, ko a waya ne. Baƙi su gani su ce ma sha Allah. Hansai kuwa tana nan, ita ce tsohuwar da ke sayar muku da ƙosai a bakin tasha. Hoton yana cikin akwatinta, kuma har yanzu ba ta san fuskar uwarta ba.