Akuyar Ilu da Cikinta

An yi wani manomi ana kiransa Ilu, wanda attajirin garinsu, Alhaji Maikano, ya kai ƙara a kan akuya guda. Alhaji ya ce kiwo ya ba shi, Ilu kuwa ya ce gadonsa ce. Aka yi ta ɗaga shari'a, damina ta wuce, wata ta kama. Zirga-zirgar kotu ta cinye jakin Ilu, ciyawa ta cinye gonarsa, har ya zamana ba shi da komai sai akuyar.

Ran nan Alƙali, don ya faranta wa Alhaji rai, ya ce, "Kai Ilu, ka kawo akuyar nan yadda take ranar da aka shigar da ƙara, ba ragi ba ƙari. In ka kasa, ta zama ta Alhaji."

Ilu ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a ranar ciki gare ta."

"To, ka kawo ta da cikinta."

"Na ji, na bi. Sai dai ɗan da ke cikin, shi ne bunsurun da Malam ya aiko aka karɓa da Sallah. A fito mini da shi gaban jama'a, ni kuwa in san yadda zan mayar da shi cikinta."

Alƙali ya gyara rawani. Can ya ce, "An kori ƙara. Ilu, akuya taka ce, tashi ka tafi."

Ilu bai tashi ba. Ya ce, "Malam, wani cikin gare ta yanzu. In ta haihu, a kawo?"

Alƙali ya ce a kira masu ƙara ta gaba.