Ɗakin Tasalla

Tasalla mai waina ta je neman izinin ƙara ɗaki a gidanta kafin damina. Jami'in, Malam Tukur, ya ce, "Sai na shiga ɗakin zan sa hannu. In kuma kika gina babu takarda, zan sa a rushe."

"To bismilla, ranka ya daɗe."

Washegari ya tarar da ita kan tabarma a fili, ga maƙwabta sun taru. Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya zauna.

"Ina ɗakin?"

"Kana ciki."

"Nan ai fili ne."

"Jama'a, kun taɓa ganin mai hankali ya yi wa fili sallama har da cire takalmi?"

Aka tuntsire da dariya. Malam Tukur ya lalubo biro, ya ce, "Kai, ɗakin nan akwai iska."